Kafin Mu Sayo Kindle Domin Laburarenmu

Kowa a nan ya san Kindle, ya san Kobo, na'urorin karanta littattafai, don haka ba sai na gabatar da su ba. Abin da ya kawo ni shi ne shawarar da wasunmu ke ta nanatawa, cewa a zuba kuɗin laburare wajen saya wa ɗalibai Kindle. Ban goyi bayanta ba.

Hujjarsu ita ce kantin Amazon, mai Kindle, ya fi kowanne yawan littattafai, kuma caji ɗaya na kai na'urar makonni. Kobo ma haka cajinta yake. Mu wuce.

Maganar da nake so mu tsaya a kanta ita ce mallaka. Duk wanda ya biya kuɗin littafi a kantin Kindle, izinin karantawa kawai ya saya, makullin na hannun kamfani. A watan Yulin 2009 kamfanin Amazon ya goge littafin 1984 na George Orwell daga na'urorin mutanen da suka riga suka biya, ba tare da neman izininsu ba, ya mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe kantinsa na littattafai, littattafan da jama'a suka saya suka daina buɗuwa. A Fabrairun 2025 Amazon ya soke damar sauke littafi a kwamfuta domin ajiya. Kada wani ya ce labarin Turawa ne. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, a ƙarshen 2023 ya rufe, a nan gida Nijeriya. Ajiya ita ce aikinmu na farko. Yaya za mu ajiye wa jikokinmu abin da kamfani zai iya janyewa gobe da safe?

Sai batun aro. Tura littafin aro daga manhajar laburare ta Libby zuwa Kindle a Amurka kaɗai ake iya yi. Kobo, ta kamfanin Rakuten, tana ɗauke da tsarin aro na OverDrive a cikinta, amma a ƙasashe irin su Kanada da Birtaniya yake aiki, ba mu ciki. Su ma masu laburaren can kuka suke yi, domin tun 2011 kamfanin wallafa na HarperCollins ya ƙayyade cewa in an ari littafin na'ura sau 26, sai a sake biya.

Shawarata ba sabuwa ba ce. In dole sai an sayi na'ura, a sayi wadda ke buɗe littattafan tsarin EPUB kai tsaye, irin su Kobo, kuma kafin a biya a gwada ko tana nuna ɗ da ƙ da ɓ daidai. Duk mawallafin da za mu yi ciniki da shi, a sa a rubuce cewa kwafi zai zauna a rumbunmu. Kaso mafi tsoka na kuɗin kuwa ya tafi ga mayar da littattafanmu na boko da ajami zuwa tsarin na'ura.