HARSASHIN RARAR SOJA DA HAƊARIN DA KE CIKINSA



Na san da yawanku za su ce, mene ne haɗin ɗalibin jami'a da zancen bindiga? Amsa ita ce, bindiga injin ce kamar kowace injin, tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma sanin wannan iyaka aikin masu ilmi ne. Bayan haka, kusan babu wani a cikinmu da ba shi da ɗan'uwa soja, ko ɗan sanda, ko maharbi a ƙauye. Abin da zan yi magana a kai yau shi ne harsashin da a ke kira na rarar soja, watau wanda rundunar wata ƙasa ta yi domin yaƙi, ta ajiye shekara da shekaru, sa'an nan ta sayar da shi gwanjo ga 'yan kasuwa. Babbar kasuwar wannan kaya tana Amurka da wasu ƙasashen Turai, inda doka ta yarda farar hula su mallaki bindiga don farauta ko wasan harbi. Ta cika ta batse bayan faɗuwar katangar Balin a 1989 da wargajewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da ƙasashen gabashin Turai su ka buɗe rumbunansu. Arha ce ke jan mai saye. Tambayar da ya kan manta ya yi ita ce: wace bindiga a ka yi wa wannan harsashi tun asali?

Bari mu fara da abin da ke faruwa idan an ja kunama. Allura ta kan bugi wani ɗan maɓalli da ke gindin kwanso, shi kuma ya yi tartsatsi kamar ƙyastu, albarushin da ke ciki ya kama, ya zama iska mai zafi cikin abin da bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Wannan iska ba ta san gaba ba, ba ta san baya ba. Yadda ta ke tura harsashi waje, haka ta ke tura jikin bututu, haka kuma ta ke tura ƙarfen da ya tare gindin kwanso, wanda fuskar mai harbi ke bayansa. Tayar ƙaramar mota ta kan ɗauki iska wajen fam 30 zuwa 35 a kan kowane murabba'in inci. Harsashin ƙaramar bindiga mai milimita 9 kuwa, iyakar da a ka yanka masa a Amurka ita ce fam 35,000. Ku duba, ninki dubu ke nan, a cikin ƙarfen da mutum ya riƙe da tafin hannunsa. Na dogayen bindigogi ya kan haura fam 60,000.

Hukumomi biyu ne ke yanka wannan iyaka ga harsashin farar hula. Akwai SAAMI, ƙungiyar masu masana'antun makamai ta Amurka, wadda a ka kafa a 1926, akwai kuma CIP ta Turai, wadda ta samo asali tun 1914. A ƙasashen da ke bin CIP ba a sayar da sabuwar bindiga sai an gwada ta da harsashi na musamman wanda matsinsa ya ɗara na kullum da kashi 25 cikin 100 ga doguwar bindiga, kashi 30 ga ƙarama, sa'an nan a buga mata hatimi. Ingila ta daɗe da wannan al'ada, don gidan gwajin Landan ya soma tun 1637, na Bamingam kuma a 1813. To, harsashin soja ba ya ƙarƙashin waɗannan hukumomi. Soja na da nasa ma'auni, wanda ya dace da tasa bindiga, kuma bai taɓa yi wa kowa alkawarin cewa abin da ya yi zai dace da tsohuwar bindigar da wani ya gada wurin kakansa ba.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne mutum ya ce, ai ya shiga. Shigar harsashi cikin mazauninsa ba ta nuna kome sai cewa tsawo da kauri sun yi daidai. Ga misali. Kamfanin Mauser na Jamus ya fito da wata ƙaramar bindiga a 1896, C96, mai cin harsashin 7.63x25. Rashawa sun sayi da yawa daga cikinta a shekarun 1920, su ka so harsashinta, su ka kwaikwaye shi a 1930 su ka kira nasu 7.62x25 Tokarev. A ido da wuya ka rarrabe su. Amma na Rasha an ƙara masa ƙarfi, kuma shi ne a ka riƙa ɗura wa ƙaramar mashingar nan PPSh-41 a Yaƙin Duniya na Biyu. Da a ka soma sayar da shi akwati-akwati a araha, masu tsohuwar Mauser su ka ga ya shiga daram, alhali ɗan ƙarfen da ke tare makullinta daga baya, wanda ya haura shekara 80 yana shan bugu, ba a yi shi don wannan nauyi ba. In ya karye, makullin idon mai harbi zai nufa.

Haka labarin ya ke a Italiya. Bindigar Glisenti ta 1910 tana cin wani harsashi wanda girmansa ɗaya da milimita 9 na Jamus da duniya ta sani, sai dai an rage masa albarushi saboda ginin bindigar ba shi da ƙwari. Duk wanda ya sa mata na Jamus ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Abin ya fi muni idan kaurin ma bai yi daidai ba. Jamus ta soma harsashin doguwar bindigarta a 1888 da kaurin milimita 8.08. A 1905 ta sake shi, ta mai da shi mai tsini, kaurinsa 8.2, da albarushi mai ƙarfi. Bambancin bai fi kaurin takarda ɗaya ko biyu ba, amma in an tura mai kaurin cikin bututun da a ka yi wa siririn, matsi zai yi tsalle. Sojan Jamus sun gyara da yawa daga cikin tsofaffin bindigoginsu su ka buga musu harafin S, sai dai ba duka a ka gyara ba, kuma akwai bindigogin farauta masu tsohon ma'auni har yanzu a hannun mutane. Saboda tsoron haka masana'antun Amurka su ka riƙa yin wannan harsashi da rauni, wajen fam 35,000, alhali iyakarsa a Turai ta haura 56,000. Ke nan mutumin da ya saba da na kanti a Amurka, ranar da ya sayi rarar soja ya koma wata duniya bai sani ba, suna ɗaya, ƙarfi daban.

Akwai kuma harsashin da a ka yi musamman don ƙananan mashinga. Irin wannan bindiga tana da makulli mai nauyi da bututu mai kauri, tana son harsashi mai zafi don ta yi aiki ko cikin sanyi ko cikin ƙura. Sanannen misali shi ne L7A1, milimita 9, wanda kamfanin Hirtenberger na Ostiriya ya yi wa sojan Birtaniya, daga baya ya ɓulla kasuwa a shekarun 1990 har a ka yi gargaɗi kada a harba shi a bindigar hannu. A nan ya kamata in ja hankalinku ga alamun da a kan rubuta a jikin kwali. Idan an rubuta +P a kan milimita 9, akwai iyaka sananniya, fam 38,500. Idan kuwa +P+ a ka rubuta, babu wata hukuma da ta yanka masa iyaka. Ma'anarsa kawai ya wuce na farkon. Ko da nawa ya wuce, sai wanda ya yi shi.

Ba kuwa tsofaffin bindigogi kaɗai abin ya shafa ba. Harsashin ƙawancen NATO mai milimita 5.56 da na farar hula .223 Remington kwansonsu kusan ɗaya ne. Bambancin yana cikin bindiga. A ta soja an bar ɗan fili mai tsawo tsakanin mazaunin harsashi da wurin da zanen murɗen bututu ya soma, don harsashi ya ɗan yi gudu kafin ya ci karo da tirjiya. A ta farar hula filin gajere ne. In an sa na soja a gajeren fili, matsi ya kan haura, shi ya sa SAAMI ta sa wannan haɗi cikin jerin waɗanda ba ta yarda da su ba. Akasin haka, watau .223 a bindigar 5.56, ba shi da laifi.

Kada wani ya fita daga nan da zaton cewa na soja kullum shi ne mai zafi. A tsakanin 7.62x51 na NATO da .308 Winchester, na farar hula ne ke da iyaka mafi girma, fam 62,000, ga shi kwansonsa ya fi sirantaka, mazaunin bindigar soja kuma ya fi sakewa. Saboda haka hankalin da za a yi a nan ya juya. A ganina ma rabin gardamar da a ke yi a kan waɗannan lambobi ta taso ne daga rashin sanin yadda a ka auna su. A da, da ɗan guntun jan ƙarfe a ke awo, a duba iyakar yadda matsi ya latse shi. Yanzu na'urar lantarki ke yi. Lambobin hanyoyin biyu ba sa daidaita, kuma soja da farar hula ba wuri ɗaya su ke dasa na'urar ba. Wanda ya kwatanta su kai tsaye kamar mai kwatanta mudun Kano da na Zariya ne ba tare da ya tambayi girman kowanne ba.

Yanzu sai maganar tsufa, wadda ita ce ta fi damuna, don ita ba a rubuta ta a jikin kwali. Albarushin zamani marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙago a 1884, da audugar da a ka jiƙa cikin ruwan asid a ke yinsa, kuma tun ranar da a ka yi shi ya ke ruɓewa sannu a hankali, yana fitar da iska mai tsami wadda ke ƙara gaggauta ruɓewar. A kan zuba masa wani sinadari da ke shanye wannan iska, amma sinadarin ƙarewa ya ke yi. Faransa ta koyi wannan da tsada: jirgin yaƙinta Iéna ya fashe a tashar Tulon a 1907, mutum sama da 100 su ka mutu, Liberté kuma ya bi baya a 1911 da sama da 200, kuma lalacewar albarushi a ka fi ɗora wa laifi. Jama'a da yawa suna zaton tsohon harsashi rauni kawai ya ke yi. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuwa ƙwayoyin albarushin kan farfashe, ko rufin da ke rage musu saurin ci ya lalace, sai su kama gaba ɗaya, matsi ya wuce na ranar da a ka yi shi. Iskar mai tsami kuma tana cin kwanso daga ciki har ya tsage. Zafi shi ne babban abokin wannan ɓarna. Harsashin da zai yi shekara 50 lafiya a rumbun ƙarƙashin ƙasa a Turai ba zai yi haka ba a ɗakin kwano a Sakkwato ko Agadas, inda zafin bazara ke haura digiri 40. Dalilin da ya sa rundunoni ke sayar da tsohon kaya sau da yawa ke nan: sun auna, sun ga ya kusa ƙarewa.

Masu harbi su kan ce za su gane haɗari ta duban kwanson da ya fito: maɓallin gindinsa ya baje ko ya huje, kwanso ya kumbura ko ya ƙi fita. Alamu ne na gaskiya, wanda ya gan su ya tsaya nan take. Amma ba su da tabbas. Maɓallin soja da gangan a ke yinsa da tauri, yana iya fitowa sumul alhali an riga an wuce iyaka. Ƙarfe kuma gajiya ya ke yi a ɓoye. Bindigar da ta jure harbi 200 ba ta ba da shaidar za ta jure na 201 ba. Amurkawa sun ga haka da bindigarsu Springfield ta 1903: waɗanda lambarsu ke ƙasa da 800,000 an ƙona ƙarfen wasu daga cikinsu wajen ƙira ya yi gautsi, ba kuma a iya gane mai lahani da ido, don haka a ke ba da shawarar kada a harba ko ɗaya.

A nan gida, dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana farar hula riƙe bindigar yaƙi da harsashinta, saboda haka ba mu da kasuwar gwanjo irin ta Amurka. Amma tun bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 makamai su ka bazu cikin Sahel, ba a san shekarunsu ba, ba a san inda su ka kwana ba. Wanda na fi jin tsoro dominsa shi ne maharbi ko ɗan banga mai adaka. Maƙerinmu ya yi ta ne don baƙin albarushi na gargajiya, na gawayi da kibiritu da gishirin bindiga, wanda matsinsa kaɗan ne, sau da yawa kuma bututunta bututun ruwa ne ko wani ƙarfen mota, ba wanda ya taɓa gwada shi. Idan a ka ɓare harsashin zamani a ka juye albarushinsa a cikinta, an mai da ita gurneti, kuma hannun hagu da ke riƙe da bututu shi zai fara tafiya. Ƙanƙantar abin da a ka zuba ba ta tsirar da kowa, don awon baƙin albarushi ba shi da wata dangantaka da awon na zamani.

Abu biyu kuma tsohon harsashi ke yi waɗanda ya kamata ku kai wa 'yan'uwanku labari. Wani lokaci a ja kunama a ji shiru, sa'an nan bayan ɗan jinkiri ya tashi. Don haka a ke koya wa masu harbi su bar bakin bindiga yana duban inda ba kowa har daƙiƙa 30 ko fiye kafin su buɗe, kada kuma a leƙa. Wani lokaci kuwa a ji ƙara 'yar kaɗan, ba irin wadda a ka saba ba. Wannan yana nufin harsashin bai fita ba, ya maƙale a tsakiyar bututu, kuma na biyu da za a harba a bayansa shi ke fasa bindiga. Sai a sauke ta, a cire abin da ke ciki, a kai wa wanda ya san aikin ya duba bututun.

Shugaban taro, a nan zan dakata.