Zaman Sansani da Saƙon Gida



Ni ɗan kasuwa ne, don haka ta ƙofar kasuwa zan shiga maganar yaƙi. Tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, har ya zauna Yola a 1841, Fombina ba ta rabu da yaƙi ba. To, yaƙin wancan zamani galibinsa zama ne. A kafa sansani, a yi bukkoki, a yi ta jira. Ga dutsen Bagale can ƙetaren Binuwai, sai a 1853 Lamido Lawal ya ci shi, bayan dogon zaman tsare hanya.

Wanda ya fi ban mamaki shi ne na Tibati, cikin Kamaru ta yau, wadda a lokacin ke bin Yola. Lamidonta ya yi kimanin shekara 10 yana kewaye da garin Ngambe, har Jamusawa suka zo a 1899. Sansanin ya zama gari sosai, da kasuwa da masallaci. Su wa ke cin kasuwar? Fataken Hausawa. Su kawo tufa da sauran haja, su sayi hauren giwa. Kuma mu faɗi gaskiya, har bayi ana saye, abin da ba na alfahari ba ne.

Yanzu ku duba, mutum ya shekara biyar a sansani, yaya uwarsa za ta san yana raye? Babu gidan waya. Sarakuna suna da magatakarda da manzanni. Talaka kuwa sai ya nemi malami ya rubuta masa da Larabci ko ajami, ko ya ba da sallahu da baki. Madugu ya ɗauka, ayari ya yi fiye da wata kafin Kano. Wani saƙon ya isa bayan mai shi ya rasu.

Jama'a, amanar da kakanninmu suka riƙe ke nan. Mu da ke Jimeta yau, waya na aljihunmu, amma wani sai ya shekara bai gai da gida ba. Zumunta a ƙafa take. Sannan duk mai tsohuwar takardar ajami a adaka, don Allah kada ya bar wa gara. A kai wa malami ya karanta, yara su ji.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.