Gargaɗin da ke jikin kwalba: jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya

Iyayenmu dattawa, shugabannin ƙungiya, ƴan uwa da suka zo daga Yamai, da waɗanda suka komo daga kurmi don aikin damana, muna yi muku barka da zuwa. Mun san akwai waɗanda suka fi mu shekaru da sani a wurin nan. In mun yi kuskure a gafarce mu.

Maganar da muka kawo mai nauyi ce, ba a saba yin ta gaban manya ba: maganar barasa. Hukuncinta a addini kowa ya san shi, kuma malamai sun fi mu iya faɗinsa. Mu abin da idonmu ya gani za mu faɗa.

Bara, da muna sharar bayan katangar lakwal tare da yara, muka tsinci ƙananan ledoji da aka tsotse aka yar. Muka tambayi manyan ƴan aji ko sun san su. Duka sun san su. Sun san sunansu, sun san kuɗinsu dala ashirin ne, sun san rumfar da ake sayar da su ranar kasuwa. Muka ce to su karanta mana ɗan rubutun da ke ƙasa. Da turancin Ingila yake, ƙanana ƙwarai, ko mu malamai sai da muka kai shi kusa da ido. Yaro ya san talla, bai san gargaɗi ba. Abin da ya tayar mana da hankali ke nan.

Barnar ba ƙarama ba ce. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a shekarar 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma miliyan 2 daga cikinsu maza ne. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji da ke Liyon ta Faransa ta sa barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo wannan ciwo: a baki, a maƙogwaro, a hanta, daga baya kuma aka ƙara hanji da nonon mata. Mutane da yawa sun san barasa na gusar da hankali, amma kaɗan ne suka san wannan.

To, me gwamnatoci suka yi? Sun bi hanya uku.

Ta farko ita ce rubuta gargaɗi a jikin kwalba. Amurka ta fara a 1989. Masu bincike sun ga mutane sun lura da rubutun, amma shan bai ragu sosai ba, don ƙarami ne kuma an ɓoye shi a bayan kwalba. Faransa kuwa tun 2007 ta tilasta gargaɗi domin mata masu ciki, galibi hoton mace mai ciki da aka ja wa layi, amma sau da yawa hoton bai kai girman farce ba. A 2017 aka yi wani gwaji a garin Whitehorse na yankin Yukon, arewacin Kanada. Aka manna takarda babba, rawaya mai jan baki, tana cewa barasa na kawo ciwon daji. Wata ɗaya kawai aka yi, masu sana'ar barasa suka yi ca, aka tsayar da aikin. Da aka ci gaba, an cire maganar ciwon dajin. Duk da haka cinikin barasa a garin ya ragu da wajen kashi 6 cikin 100. Ƙasar Ailan ta yi doka a 2018, ta tsara cewa daga 2026 kowace kwalba za ta ɗauki gargaɗin ciwon daji da na hanta, amma a 2025 aka ɗaga abin zuwa 2028. Ku duba da kyau: da gargaɗin ba ya aiki, da masu sayarwa ba su wahalar da kansu suna yaƙi da shi ba. Yana aiki in yana da girma, in an faɗi cutar da sunanta, in kuma mai saye ya iya karanta shi.

Hanya ta biyu ita ce taka wa talla birki. A 1991 Faransa, ƙasar da ta yi suna wajen giyar inabi, ta kafa dokar da ake kira da sunan ministan lafiya na lokacin, Kulod Eban. Ta hana tallar barasa a telebijin da silima, ta hana kamfanonin barasa ɗaukar nauyin wasanni. Dalili shi ne matashi ba daga kwalba yake fara koyon sha ba. Daga allon talla yake farawa, inda ake nuna masa samari masu tsabta suna dariya, kamar sha shi ne wayewa. Ku da kuka zauna Abijan da Kwatano da Ikko kun ga irin waɗannan alluna a bakin hanya, kun ga kujeru da lema masu sunan giya. Yau kuma tallar ta shiga cikin salula, tana bin yaro har ɗakin uwarsa.

Hanya ta uku ita ce hana ƴar leda gaba ɗaya. Kodebuwa ta hana a 2016, Tanzaniya a 2017, Yuganda a 2019. A Najeriya an yi yarjejeniya da kamfanoni a 2018, aka ba su shekara 5. Da hukumar NAFDAC ta fara kame a 2024, aka yi ta zanga-zanga, har aka ƙara wa'adi zuwa ƙarshen 2025. An sa wa leda ido ne don tana da araha, tana shiga aljihu, kuma yaro na iya shanye ta a hanyar lakwal ba wanda ya gani.

Yanzu mu komo gida. Garinmu mutum nawa ne ke karanta faransanci, balle turancin Ingila? Gargaɗin da aka rubuta don mai karatu a birni bai iso wurinmu ba, leda kuwa ta iso. Saurayi ya tafi cirani, yana dako ko turin baro tun asuba, wani ya ce masa ga maganin gajiya. Kuɗin da zai aiko a sayi hatsi lokacin bazara su tafi a haka, matarsa na jira, iyayensa na jira. Wasu sun komo da ciwon da ba mu san kansa ba sai a asibiti. Ba sai mun kama suna ba.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya abu huɗu. Na ɗaya, masu masauki a kurmi su zaunar da kowane sabon zuwa su faɗa masa gaskiya da Hausa, har da maganar hanta da ciwon daji. Na biyu, kada babba ya ƙara aiken yaro sayen wannan abu, ko taba. Na uku, in za a yi wasan ƙwallon samari ko kokowa, kada mu karɓi riguna ko kujeru masu sunan barasa, ko da kyauta ne. Na huɗu, shugabanninmu su kai wa mai gari da magajin gari kukanmu a kan rumfunan da ke kusa da lakwal, a kuma roƙi gidan rediyon yankinmu ya gayyato likita ya yi bayani da harshenmu.

Wanda ya riga ya faɗa ciki kuma kada a kore shi. A ja shi a jiki, a raka shi wurin likita, don kunya ita ke sa su ɓuya har abin ya ci ƙarfinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa a lakwal awa kaɗan muke da yaran nan, sauran lokacin suna hannunku.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu damana mai albarka, ya mai da matafiya lafiya.