Kafa Na'urar Wi-Fi a Makaranta: Lafiyar Mutum Kafin Ƙarfin Sigina



An ba ni 'yan mintoci in yi bayani a kan ɗan farin akwatin nan da ke shigowa makarantunmu, wato na'urar da ke watsa intanet ba tare da waya ba. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma jarrabawar ƙwarewa ta hukumar rajistar malamai, TRCN, ita ma a kwamfuta ake zana ta. Don haka kowace makaranta tana neman intanet. Sai dai idan akwatin ya iso, malamin kwamfuta ko na kimiyya ake miƙa wa a ce ya kafa. Shi kuma sau da yawa sai ya ɗora benci a kan tebur, ya ce dogon ɗalibi ya hau. Daga nan haɗari yake farawa.

Na farko, zaɓen wuri. Na'urar tana son tsakiyar gini da wuri mai tsayi, a jikin silin ko saman bango. Ƙarfe yana tare sigina, bangon siminti mai kauri yana raunana ta. Wanda ya kulle na'urar a kabad ɗin ƙarfe don tsoron ɓarayi ya tsare dukiya, amma ya kashe amfaninta. Ɗaga ta sama a ɗaki mai ƙofa da kwaɗo ya wadatar. Kada kuma a cusa ta tsakanin silin da rufin kwano. Yawancin na'urorin cikin ɗaki an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, kowa kuwa ya san yadda ƙarƙashin kwano yake a watan Afrilu.

Na biyu, hawa. A nemo tsani mai ƙwari, a kafa shi a daɓe mai daidai, mutum guda ya riƙe gindinsa. Idan mai jingina ne, duk tsayin mita 4 a janye gindin mita 1 daga bango. A kashe fanka, a fitar da yara daga ajin. Ɗalibi ba ya hawa, komai girmansa. Iyayensa karatu suka aiko shi, kuma idan ya faɗo, malamin da ya sa shi ne zai amsa tambaya.

Na uku, huda. Wayoyin wuta da aka binne a bango galibi suna tafiya ne a miƙe, sama ko gefe, daga soket da makunni, saboda haka a kauce wa waɗannan layuka. Kafin a taɓa bango a kashe babban makunnin ginin, a tabbata janareta ko batirin sola ba ya ba da wuta ta bayan fage. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: da yawa daga tsofaffin ajujuwanmu silin asbesto ne da su. Huda shi yana tayar da ƙura mai laushi wadda ke maƙalewa a huhu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane nau'insa yana jawo ciwon daji. Idan ana shakkar silin, a koma bango. A ɗaure na'urar da farantin da ya zo tare da ita da sukurorinsa. Ƙusa ɗaya ko igiyar roba ba za su riƙe abin da ke rataye a kan yara shekara da shekaru ba.

Na huɗu, wuta. Wutar soket a ƙasar nan bolt 230 ce, tana kisa. Hanya mafi aminci ita ce wadda ake kira PoE, inda kebul ɗin intanet ɗin kansa yake ɗauko wuta kaɗan, kimanin bolt 48, zuwa na'urar, ba sai an ja sabuwar wayar lantarki zuwa silin ba. Kada tsawon kebul ɗin ya wuce mita 100, a sayi na jan ƙarfe zalla, a bi da shi cikin bututu nesa da wayoyin wuta. A yi amfani da abin ba da wutar da ya dace da na'urar, domin wasu bolt 24 suke ci. A haɗa da abin kariya daga hauhawar wuta, saboda lokacin da aka dawo da wuta ne kaya suka fi ƙonewa.

Na biyar, damina. Na'urar da za a kafa a waje dole ta kasance an ƙera ta don waje. A nisanta sandarta daga wayoyin lantarki, ta yadda ko ta faɗi ba za ta taɓa su ba. A haɗa ta da wayar ƙasa, a sa abin kariya daga tsawa a inda kebul zai shiga gini, a kuma lanƙwasa shi ƙasa kaɗan kafin ramin domin ruwa ya ɗiga a waje. Idan hadari ya haɗu, babu mai hawa rufi.

Bayan an gama, a canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, a raba hanyar ɗalibai da ta ofis, domin sakamakon jarrabawa da bayanan ma'aikata amana ne.

'Yan'uwa, malami yana iya zaɓen wuri, ya saita na'ura, ya kula da ita. Amma jan wayar lantarki da haɗa wayar ƙasa aikin mai gyaran wuta ne mai takardar shaida, kuma hukumar NEMSA ce ke tantance irin waɗannan ma'aikata a Najeriya. Duk wanda aka matsa masa ya yi abin da ba fanninsa ba, ya nemi a rubuta masa umarnin, ya kuma sanar da wakilin ƙungiya na makarantarsa tun kafin a kafa tsani.

Allah Ya tsare mu da ɗalibanmu.