Amsar Takardunku: Ɗana Zai Bar Koyarwa Ya Shiga Kamfanin Kwamfuta

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani dattijo mai sana'ar hatsi a kasuwar Giwa, jihar Kaduna. Ya ce ɗansa na fari yana koyar da lissafi a makarantar sakandare ta gwamnati, da dare kuma yana koyon rubuta manhajar kwamfuta har ya ƙware. Yanzu wani kamfani a Legas ya kira shi aiki, albashin ya ninka na koyarwa sau uku, kuma an yi masa alkawarin hannun jari. Yaron ya ce shekara 2 da suka wuce mutum 30 ne a kamfanin, yau sun haura 200. Alhaji yana tambaya, shin wane irin aiki ne wannan, ya sa masa albarka ne ko ya hana shi?

To Alhaji, mun gode da takarda, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Bari mu fara da ita manhajar. Na'urar POS ɗin nan da ake sa wa kati a kasuwarku, roba ce kawai da ƙarfe. Abin da ke sa ta cire kuɗi daga asusun mai saye ta zuba a naka shi ne manhaja, watau umarnin da mutum ya zauna ya rubuta wa na'ura. Wannan shi ne aikin da ake kiran ɗanka ya yi, kuma sana'a ce ta halal.

Amma ka lura da abu guda. Galibin kamfanonin da ke bunƙasa da irin wannan sauri ba da ribar ciniki suke biyan albashi ba, da kuɗin masu zuba jari ne. Kamar ubangida ne ya ɗanƙa wa yaronsa kuɗi ya ce kama rumfa 10, ɗauki yara, riba ta zo daga baya. Muddin ubangida na buɗe jaka, kowa na walwala. Ran da ya ɗaure bakinta, yaran rumfa ake fara sallama.

Shi ma'aikaci kuwa, zamansa a irin wannan wuri ba irin na ofishin gwamnati ba ne, inda ƙarfe 4 na yi kowa zai ɗauki hularsa. Idan kuɗin jama'a ya maƙale da tsakar dare, waya za a buga masa, ya tashi ya gyara. Yana iya canza shugaba sau biyu ko uku a shekara. Aikin da aka ɗauke shi dominsa ma yana iya sauyawa kafin ya gama sanin sunayen abokan aikinsa. Sa'ad da ake mutum 30, kowa na cin tuwo kwano ɗaya da mai kamfani. Da an kai 200, sai an nemi izini kafin a gan shi, a kuma ɗauko baƙi daga waje a ɗora su kan waɗanda suka sha wahalar farko. Wannan yana cikin abin da ya fi yi wa tsofaffin ma'aikata ciwo. Sai dai fa a faɗi gaskiya, a nan ake koyon aiki. Yaro ɗan shekara 26 sai ka ga an ba shi mutum 10 yana jagoranta, abin da a ma'aikatar gwamnati sai furfura ta fara fitowa.

Yanzu maganar hannun jari, wadda na ga ita ta fi ɗaukar hankalin ɗanka. Ba tatsuniya ba ce. Kamfanin Microsoft na Amurka, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa a 1975, ya shiga kasuwar hannun jari a 1986 a kan dala 21 kowane hannu, kuma ma'aikatansa da yawa da suka riƙe nasu sun zama attajirai. A nan gida ma, kamfanin Paystack na Legas, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kamfanin Stripe ya saye shi a 2020 a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Irin waɗannan labarai ne ke hana samari barci.

To amma yaya ake ba da shi? Bisa al'ada ba a miƙa wa mutum a hannu ranar da ya fara aiki. Ana raba shi ne a kan shekara 4, kuma wanda ya bari ko aka sallame shi kafin ya cika shekara guda, ko ƙwaya ba ya samu. Sau da yawa ma ba kyauta ba ce, izini ne aka ba shi ya saya a kan farashin da aka yanka tun farko. Bugu da ƙari, ko ya mallaka, da wuya ya sami inda zai sayar sai ran da aka sayi kamfanin ko ya shiga kasuwar hannun jari, kuma kamfanoni da yawa ba sa kai wa wannan rana. Kai da ka san hatsi, Alhaji, wannan dawa ce da ke gona ba ta ko fid da kai ba. Kada a ci bashi a kanta, kada a sa ranar aure a kanta. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ya kuma karanta takardar ɗaukarsa aiki da kyau, ya ga ko cikakken ma'aikaci ne ko ɗan kwantiragi. A shi Microsoft ɗin, waɗanda suka yi shekaru a matsayin ma'aikatan wucin gadi ba su shiga rabon ba, sai da suka kai ƙara kotu, aka sasanta a shekarar 2000 a kan dala miliyan 97. Ya tambayi fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ba da aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8.

Sallama kuwa tana zuwa ba sallama. Kamfanin Andela, wanda aka fara a Legas a 2014 don horar da matasa wannan sana'a, ya sallami ƙananan ma'aikata kimanin 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda a 2019. Twitter, da yanzu ake kira X, ya sallami kusan dukan ma'aikatansa na Akara a ƙasar Gana a Nuwamban 2022, 'yan kwanaki da buɗe ofishin. Microsoft da duk girmansa ya ba da sanarwar rage mutum 10,000 a farkon 2023. Ba lalaci ya jawo wa yawancinsu ba, lissafin masu kamfani ne ya canza.

Ka ce in faɗi ra'ayina. Ni ma horon malanta na yi, na san abin da malami ke kai wa gida ƙarshen wata, don haka ba zan ga laifin yaron ba. Tun da bai yi iyali ba, kuma sana'ar tana kansa, ko an sallame shi da ita zai fito, ni da zan ce ka sa masa albarka. Amma kafin ya ajiye alli, ya je ma'aikatar ilimi ya tambaya ko za a ba shi hutu ba albashi. Ya cire kuɗin haya daga lissafinsa, don masu gidaje a Legas na shekara guda suke karɓa gaba ɗaya, ga kuɗin mota da na abinci. Abin da ya rage shi ne albashinsa na gaskiya. Ku kuma na gida ku yi masa adalci, kada a ji ninki uku a jibga masa kuɗin taki da na makarantar ƙanne duka a wata na farko. Ku bar shi ya tara abin da zai riƙe shi wata 6 in aiki ya tsaya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa takardar mai tambaya a kan ajiyar wake ba tare da zuba magani ba. A huta lafiya.