Lafiyar Zuciyar Iyaye Mata: Jawabi Ga Taron Reshe



A cikinmu akwai iyaye mata masu renon 'ya'ya tare da mazajensu, akwai kuma zawarawa da waɗanda mazansu suka rasu, masu riƙe da gida su kaɗai. Dukansu ba su tsira daga ciwon zuciya ba, domin shi ne kan gaba wajen kashe mata a duniya. Sai dai nauyin bai zo ɗaya ba. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa hawan jini, ciwon sukari, ƙiba da shan taba sun fi yawa a tsakanin iyaye mata marasa abokin zama. Dalilan ba baƙi ba ne a wurinmu: albashi ɗaya a kan bakuna da yawa, ƙarancin barci, tunani, da rashin wanda za a bar wa yara a tafi asibiti.

Mai aure ma kada ta saki jiki. Wadda ta yi hawan jini ko ciwon sukari a lokacin goyon ciki tana cikin haɗari ko bayan shekaru masu yawa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta gazawar zuciya bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki idan ta kwanta, asibiti ya kamata a kai ta nan take.

Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Awon da ya kai 140/90 yana buƙatar ganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma mu tuna dunƙulen miya ma gishiri ne. Ta kuma ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako.

Saboda haka muna roƙon reshe ya ajiye na'urar awon jini a ɗakin malamai na kowace makaranta. Mu kuma, idan 'yar'uwarmu tana da ranar asibiti, mu riƙe mata ajinta ba tare da gori ba. Uwar da ke reno ita kaɗai, idan ta kwanta ciwo, gida gaba ɗaya ne ya kwanta.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani.