Neman Ɗakin Haya Kusa da Kasuwar Dutse

Jawabi ga Hakimai da malamansu game da mutanen ƙasar Buji masu zuwa birni ciniki

Tun ran 27 ga Agusta 1991, da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano aka mai da Dutse babban birninta, gida ya yi daraja a garin. Ma'aikatan Gwamnati suka fara cika shi, sa'an nan a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya, ɗalibai suka ƙaru a kai. Saboda haka mutumin Gantsa wanda ya sayar da riɗinsa da kaka, ya nufi Dutse da niyyar kasa kaya, zai iske ɗakin da ke jikin kasuwa shi kowa ke rububi.

A wurin biya ne akan yi hasara. Kuɗin haya na shekara guda akan ba da shi gaba ɗaya, watau babban rabo na jarin mutum. Dillanci sana'a ce ta halal, la'ada kuwa haƙƙin dillali ce. Amma baƙo yakan yi gaggawa, ya miƙa kuɗi a bakin titi ga wanda ya nuna masa ƙofa kurum, bai ga mai gidan ba. Ran tarewa sai ya tarar da wani a ciki. Ƙarar kuwa, ko da a Dutse aka yi abin, zauren Hakimi take fara zuwa, ga shi babu takarda, babu shaida.

Lalle ne malamai su karanta wannan ga Dagatai, su kuma su gaya wa talakawa: kada kowa ya biya sai mai gida na zaune, an rubuta yarjejeniya, da yawan kuɗi, da ranar shiga da ta fita, da wanda gyaran rufi ke wuyansa. A sa mai unguwar wurin ya shaida. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da wanda ya iya.

A duba ruwan sha. A kuma tambayi maƙwabta yadda lungun yake da damina, gama Dutse gari ne na duwatsu, ruwa yakan gangaro da ƙarfi, ɗakin da ya yi kyau da rani yana iya jiƙa buhuna a watan Agusta.

Wanda ya ga kusa da kasuwa ya fi ƙarfinsa, ba laifi ya matsa unguwannin gefe, amma ya fara lissafa kuɗin mota na kullum, zuwa da komowa, ya haɗa da na hayar.